Yadda Ake Amsa Kowace Tambaya Ba Tare Da Sanin Amsar Ba, Bisa Tafarkin Malam Bahago

In ka bi matakan nan bi da bi, na yi maka alkawari kafin sabon wata ya tsaya babu wanda zai sake jin "ban sani ba" daga bakinka. Za a riƙa matsa maka a tabarma, a ajiye maka farin goro. Ba a buƙatar karatu mai zurfi, ba a buƙatar yawon duniya. Kuma ban ƙago komai ba. A wurin Malam Bahago na Ƙofar Kuyambana na gani, mai ɗinkin manyan riguna, wanda ya shafe shekara ashirin da ɗoriya yana amsa tambayoyin unguwarsu, ba a taɓa kama shi babu amsa ba sai sau ɗaya.

Mataki na ɗaya: Nemi wurin zama, ka riƙe wani abu a hannu

Malam yakan zauna a dakalin ƙofar zaurensa daga hantsi zuwa azahar, ya shiga ya ɗan rintsa, ya sake fitowa bayan la'asar, riga a cinya, allura a hannu. Aikin hannu yake yi, zanen gaban riga da ake kira aska biyu da aska takwas, irin wanda riga ɗaya takan ci wata uku. Amfanin wannan a fili yake: mai aiki a hannu in ya yi shiru, sai a ce tunani yake yi. Wanda ya naɗe hannu in ya yi shiru, kowa ya san bai sani ba ne.

Sai kuma ka samu mai tambaya na dindindin. Na Malam shi ne Ya'u mai gyaran keke, wanda rumfarsa take kallon zauren. Tare suka yi makarantar allo, tare suka sha bulala. Ya'u irin mutanen nan ne da in suna jiran faci ya bushe sai tunani ya kwashe su, su dawo da abin da bai taɓa damun kowa ba.

Mataki na biyu: Maimaita tambayar kamar ka daɗe kana jiran ta

Wata rana Ya'u ya tsallako da tayar keke a kafaɗa, ya ce, "Malam, me ya sa akuya take barin inuwa, ta zo ta kwanta a tsakiyar hanya?"

Malam ya ce, "Akuya." Ya ja zare har ƙarshe. "A tsakiyar hanya."

Ka lura, har yanzu bai faɗi komai ba, amma mutum uku sun matso.

Malam ya ce, "Ya'u, kafin a yi hanyar nan, me ke wurin?"

"Fili ne, ina ji."

"Su wa ke kwanciya a filin?"

"Awaki."

"To ba ita ta kwanta a hanya ba. Hanya aka zo aka shimfiɗa a makwancinta."

Tun daga ranar, masu keke na unguwar suke kewaye akuya da ɗan girmamawa.

Mataki na uku: Jingina amsar da wanda ba za a iya tambaya ba

Mafi kyau shi ne kaka ko kakan da ya riga mu gidan gaskiya. Babu mai ƙaryata mamaci a gaban jikansa.

Da aka tambayi Malam me ya sa ƙanzo ya fi tuwo daɗi, amma babu mai ɗora tukunya don ƙanzo zalla, sai ya ce kakarsa ta gwada shekarar da aka yi fara, bai ciwu ba, domin ƙanzon da aka yi da niyya ba ya daɗi. Da aka tambaye shi me ya sa ake ce wa wanda ya tashi daga barci "ina gajiya," ya ce kakansa ya gaya masa barci tafiya ce, kuma babu wanda ya san iyakar inda ran mutum ya je ya dawo. Rediyo kuwa, dalilin da ya sa sai an mare shi yake kama tasha, a jirgin ruwa aka kawo shi, ya saba da jijjiga. Wannan ba kakansa ya faɗa ba, wani direban babbar mota ne da ya koma Sudan.

Mataki na huɗu: Ba mai tambaya aikin yi

Mutumin da hannunsa ke aiki ba ya gardama. Da an jefo tambaya, Malam yakan miƙa allura ya ce, "Riƙe, zura mini zaren nan, kada tunanin ya tsinke."

Da farko salo ne kawai. Amma wajen shekarar alif ɗari tara da tamanin da takwas abin ya sauya. Malam ya fara neman kafar allura yana rasawa. Ya kawo ta kusa da hanci, ta dushe. Ya miƙar da hannu, ta ɓace. Bai gaya wa kowa ba, don ya san yadda abin yake: ranar da aka ji cewa mai ɗinki ba ya gani, ranar ce ta ƙarshe da wani zai kawo masa shadda. Da wannan allura ya rufe ɗaki uku, da ita ya aurar da 'yarsa Jummai, kuma ban da ita bai iya wata sana'a ba.

Saboda haka duk sanda zare ya ƙare, sai ya ɗaga murya ya ce, "Ya'u, yau babu tambaya ne?" Ya'u ya tsallako, ya yi tambaya, ya zura zare, ya koma. A yini ɗaya sai a yi haka sau goma. Tambayoyin Ya'u har suka fara ƙarewa, ya koma yana aro a wurin masu kawo faci.

Mataki na biyar: In an matse ka, ɗora wa zamani

Wata la'asar majalisa ta cika, Ya'u ya zura zaren, amma bai miƙa allurar ba. Ya ce, "Malam, me ya sa kafar allura take ƙanƙancewa in mutum ya haura hamsin?"

Malam ya gyara zaman hularsa.

"Kafar allura," in ji shi. "Ba ruwan shekaru. Tsadar rayuwa ce. Masu ƙera allura sun ga komai ya tashi, sai suka rage girman kafar."

Inuwa mai shayi ya ce, "Amma Malam, in an rage kafa ai ƙarfe aka ƙara."

"Wa ya ce maka ƙarfe ne ya yi tsada? Rami ne ya yi tsada. Je ka tambayi masu haƙa rijiya."

Aka kwashe da dariya, Inuwa ya sallama. Ya'u ne kaɗai bai yi dariya ba, domin da hantsin ranar ya hango Malam daga rumfarsa yana ta soka allura yana zarewa, a natse, babu zare a jikinta.

Mataki na shida: Guji duk wurin da amsa ɗaya ce tak

A nan ne Malam ya yi sake, don haka ka buɗe kunne.

Wata ranar Litinin Ya'u ya zo yana murza ido, ya ce, "Malam, idon nan ya dame ni. An ce gobe akwai masu duba ido a asibitin Wusasa. Sai dai an ce sun cika tambaya, ni kuwa ka sani, tambaya na iya, ban iya amsa ba. Ko za ka raka ni?"

Wannan roƙo ya yi wa Malam daɗi. Washegari ya sa sabuwar hula, ya hau bayan keken Ya'u, suka fita ta ƙofar gari.

Wadda ke duba idon wata ma'aikaciyar jinya ce, Sista Rakiya, haifaffiyar Wusasa, mai magana a hankali. Ta duba Ya'u, ta ce ba ta ga komai ba. Ya'u ya ce to watakila katin gwajin ne ke da matsala, a ba Malam ya duba, shi ya san kan irin waɗannan abubuwa. Sista ta dubi Ya'u, ta dubi Malam, ta miƙa katin. A jikinsa akwai wasu ƙananan zane kamar mataji mai haƙora uku, kowanne ya fuskanci wani gefe.

Ta sa yatsa a layi na uku. "Baba, haƙoran wannan ina suka duba?"

"Haƙora," in ji Malam. "Ina suka duba."

Babu wanda ya matso. Sista tana jira.

"Kakana, Allah ya jiƙansa, yakan ce shi mataji..."

"Amin, Baba. Sama ko ƙasa?"

"Ai tawadar yanzu ce, 'yar nan. Tun da kaya suka yi tsada ake surka ta da ruwa."

"Haka ne, Baba. Dama ko hagu?"

Malam ya waiwayi Ya'u. Ya'u ya juya baya yana nazarin wata kalanda a bango, shi da bai iya boko ba. A waje mutane na jira a kan benci. Malam ya dubi katin nan ya sake dubawa, zufa ta karyo masa a ƙarƙashin sabuwar hula. Ga hanyoyi huɗu, ɗaya ce daidai, kuma babu kakan da zai cece shi.

Ya sauke murya ya ce, "'Yar nan, ban sani ba. Baƙi-baƙi kawai nake gani."

Ta ce, "To Baba, yanzu muka fara aiki."

Ta ɗora masa wani tabarau mai nauyi, tana sa gilashi tana cirewa. A na huɗu sai matajin ya fito tar, haƙoransa sun dubi hagu. Malam ya ga zanen tafin hannunsa. Ya ga jirwayen goro a hannun rigarsa, wanda ya tabbata ba na yau ba ne.

Suka kamo hanyar gida har suka hango ganuwa. Sannan ya ce, "Ya'u, idon naka fa?"

Ya'u ya ce, "Ya warke, Malam," ya ci gaba da taka feda.

Mataki na bakwai: Kada ka koma duba aikinka na baya

Bayan mako biyu tabarau ya iso. Malam ya ƙi sa shi a dakali. Ya shige zaure shi kaɗai, ya shimfiɗa rigar da yake ɗinkawa, ya ɗora tabarau a hanci.

Abin da ya ɗinka da safen nan ya tsorata shi. Zare ya hau zare, layi ya kauce, aska ɗaya ta lanƙwashe kamar lauje. Amma daga aikin jiya zuwa baya, komai tsaf. Ya kai rigar bakin ƙofa inda haske ya fi. Ɗinkin nan mai kyau ya fi nasa ƙanƙanta, ya ɗan kwanta gefe guda, irin hannun masu ɗinkin hula. A gidan kuwa mutum ɗaya ce ke ɗinkin hula, matarsa Batulu. Kuma kullum tsakanin azahar da la'asar, in ya shiga rintsawa, a ɗakinta yake rataye rigar.

Ya same ta a tsakar gida tana tsince wake a faifai.

"Batulu."

"Na'am, Malam."

"Tun yaushe?"

Ta dubi tabarau, ta dubi rigar da ke hannunsa. Ba ta yi kamar ba ta gane ba.

"Tun rigar Alhaji Sani ta Babbar Sallah. Shekara biyu kenan."

"Riga nawa?"

"Takwas, har da wannan."

"Ya'u ya sani?"

"Ni na aika wa matarsa da maganar Wusasa."

Malam ya sake duban rigar. Ya tuna yadda Alhaji Sani ya yaba rigar nan a gaban jama'a, ya ce hannun Malam sai ƙara kyau yake da tsufa, shi kuma ya amsa da cewa sirri ne da ya gada.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Batulu ta ɗauke wata tsakuwa ta jefar. "Malam, shekara ashirin da ɗoriya ina jin ka ta katanga kana amsa wa gari. Ni ba ka taɓa tambayata komai ba. Yau ga huɗu a jere."

Ya ninke rigar ya ajiye a kan turmi, ya jawo 'yar kujera ya zauna, ya ja faifan kusa da shi. Suka ci gaba da tsince waken tare, kuma tsakuwar da ya fitar ta fi tata yawa. Har aka kira la'asar bai fita ba. Ya'u ya leƙo dakali sau biyu, ya koma.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya. In ka bi matakan nan abokinka ya ɗauke ka a keke ya kai ka inda ba ka shirya ba, tsakaninku ne. In ka gano abin da ake yi maka a gida shekara da shekaru ba ka sani ba, kada ka aiko mini da wasiƙa. Kuma kada ka tare ni a hanya kana tambayar ko Malam Bahago ya gode wa Batulu, domin babu wanda ya ji da kunnensa. Abin da aka gani kawai, ranar Alhamis ya tafi kasuwa da tabarau a hanci, ya sa mai atamfa ya sauke masa kusan rabin rumfa, ya zaɓi turmi ɗaya da kansa. Kore ya sayo. Batulu ba ta son kore, duk matan unguwa sun san haka. Shi ta ɗaura ranar sunan jikarta.