Hannun Jallabiyata a Bangon Warsha

Ba zan taɓa mantawa da ranar da inji ya tuɓe ni a gaban surukina ba, kuma har gobe in na tuna raina ɓaci yake yi.

Ni kafinta ne, a wata warsha, wato shagon kafintoci, nake aiki a Omdurman. Maigidanmu Usta Hamza (Usta laƙabin gwanin sana'a ne a wajenmu) ya sayo injin zanen katako, irin wanda wuƙarsa ke rataye daga sama, in ka taka da ƙafa ta sauko tana juyawa kamar walƙiya. Dokar Usta guda ce: ba mai matsawa kusa da shi da riga mai faɗin hannu ko rawani, kuma ba a cire murfin wuƙar.

Ranar daga ɗaurin aure na dawo, cikin farar jallabiya. Sai ga surukina Alhaji Adam ya zo daga Aljirif duba ƙofar da muke masa. Ya ce yana son ya ga yadda ake fitar da zanen. (Mai hankali zai ce, "Baba, bari in sauya kaya." Ni ban ce ba.)

Usta ya hango ni daga nesa ya ce, "Ya zol, kai bawan Allah, cire rigar nan tukuna."

Wai ni! Shekara goma sha takwas ina sassaƙa, a ce min in cire riga a gaban uban matata? Na ce, "Usta, minti ɗaya ne." Har murfin na ɗage don Alhaji ya gani da kyau.

Na taka, wuƙa ta sauko, na tura katako. Ina waiwayawa in ga ko Alhaji ya yaba, sai na ji an fizge ni. Wuƙar ta cafke hannun rigata tana naɗewa, yatsuna suna ta matsawa wajenta. Usta ya yi tsalle ya danna maɓallin kashewa, daidai lokacin da rigar ta kece tun daga wuya har ƙugu. Na faɗi zaune cikin garin katako, daga ni sai singileti mai huda biyu.

Alhaji ya kama hannuna ya ƙirga yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ya ɗaga guntun yadin ya ce, "Ɗana, ashe mai araha ne. Da mai kyau ne da bai yage ba, da hannunka ya tafi." (Yadin da na gaya wa 'yarsa na ƙasar waje ne!)

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya ƙona min rai shi ne Usta. Mutumin nan ya ɗauki hannun rigar ya buga masa ƙusa a bango, saman injin. Duk sabon ma'aikaci sai an kai shi wurin an ce, "Ka ga wannan? Na wancan ne." A nuna ni da baki. Na ce ya cire, ya ce sai ranar da na kawo masa darasin da ya fi shi. Hatta mai shayin bakin ƙofa in ta miƙo min kofi sai ta ce, "Naɗe hannu, Usta."

Yanzu da guntuwar riga nake aiki, murfi a rufe, ido a kan wuƙa. Na gane in maigida ya ce ka cire riga, ka cire da kanka, don inji ba ya jin kunyar surukin kowa.