Ranar Da Na Yi Wa Takardar Rabi Guga

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da 'yata Rabi ta ci jarrabawar bak, ta kammala sakandare, ba. Ni tela ne a kasuwar Dakoro, ban yi boko ba, amma na rantse ni zan haɗa mata dosiyen takardun shiga jami'a da hannuna. Ranar Alhamis za a rufe karɓar takardu a Maradi, ga shi yarinyar ta ƙwallafa rai a kan karatun likita.

Ranar Litinin ta kawo mini takardar sakamakonta a ninke huɗu, duk ta yamutse. Raina ya ɓaci. Shekara talatin riga ba ta taɓa fita daga shagona a yamutse ba, sai takardar 'yata? Na hura gawayi, na ɗora wa takardar dutsen guga. Ta miƙe sumul. (Na dai ga lambobin sun ɗan yi dishi-dishi, na ce wa kaina idona ne.)

Washegari muka je meri, ofishin magajin gari, don a buga hatimi a kan kwafinta. Layi har waje. Jami'in ya duba ta asalin, ya dube ni.

"Malam, wa ya taɓa makin ga? An kankare shi."

Ni? Kankara? Na ɗaga murya yadda na bayan layi za su ji. Na ce ɗiyata da guminta ta ci, na zagi tawadar gwamnati, na ce ko lallen da ya kwana ya fi ta kama jiki. Har na buga tebur. Rabi tana jan rigata tana cewa, "Baba, don Allah ka bari," ni kuwa sai ƙara wuta nake.

Mutumin ya ɗaga takardar saitin taga. Sai ga shatin dutsen gugana, da tsininsa da komai, ya kwanta ruwan ƙasa a kan makin lissafi. Ya kai ta hanci, ya shinshina.

"Gawayin ƙirya ne ko?"

Ofis ya kece da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Tela, ka mance sitaci!" Na so ƙasa ta tsage. Abin da ya fi yi mini ciwo, Rabi ba ta yi dariya ba, kuka take yi a hankali.

Kwana biyu ina zarya a lise, makarantar su Rabi, ina ba shugaban makaranta haƙuri, kafin aka samo wata shaidar da aka karɓa da ƙyar ranar Alhamis da la'asar. Har gobe ina nan a kan bakana cewa tawadar ba ta da kyau. Amma na gane ba kowace lanƙwasa ce take jiran hannuna ba. Yanzu idan yara suka kawo takarda, hannuna a baya nake kallonta.