Kamu Ɗaya Sama da Bawa

Yayana Bawa ya rasu, yau wata uku ke nan, kuma tun daga ranar babu wanda ya sake jingina tsani a katangarmu don ya leƙa abin da muke ciki. Mai leƙen yana nan da ransa. Wanda ake leƙawa ne babu.

Wani mutum ne, maƙwabcinmu a Unguwar Lalle. Ba za ni faɗi sunansa ba, don in ya ji an ambace shi bayan Bawa, zuwa zai yi ya ce a sake labarin tun daga farko.

Shekara talatin mutumin nan yana gasa da Bawa, shi kuwa Bawa bai ma san ana yi ba. In Bawa ya sayi zakara, washegari mutumin nan ya sayo wanda ya fi shi murya. In Bawa ya yi atishawa biyu a majalisa, sai ya shaƙi barkono ya yi uku. Ko hutawa ba ya yi sai ya aiki matarsa Halima ta dubo.

"Ke Halima, mi Bawa ka yi?"

"Zamne shike ƙarƙashin darbejiya."

"Tun yaushe?"

"Tun da hantsi."

"Miƙo min tabarma. Yau sai ya san akwai masu zama garin ga."

Ranar har la'asar bai tashi ba. Da ya zo miƙewa ƙafafunsa sun ƙi, sai da aka kama shi.

A wurinmu akwai masu yin binne, wato su zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, in an dace gero ya riga na kowa fitowa. Wata shekara Bawa ya yi binne, bayan kwana biyar ruwa ya zo. Mutumin nan ya haɗiye abin a ransa. Shekara ta zagayo ya yi nasa saura wata biyu damina, ɓeraye da zabi suka yi walima. Ya ce to lallai bai yi sammako ba ne. Shekarar da ta biyo, ana gama girbi, masu ɗaukar dami na fita gonarsa ta gabas, shi yana shiga ta yamma da ƙwaryar iri. Labbo Bafulatani, da ya kawo shanu cin kara, ya tsaya yana kallonsa, ya tambaye shi ko shukar bana ce ya makara. Ya ce a'a, ta baɗi ce, kuma kada ya gaya wa Bawa.

Sau ɗaya tak na san ya yi nasara. Ranar wata kasuwar Sabon Birni aka zo awon jini kyauta. Aka ɗaura wa Bawa abin awo a hannu, malamin asibiti ya ce jininsa ya ɗan hau, ɗari da sittin, ya rage gishiri. Mutumin nan yana bayansa a layi, kunne a buɗe. Aka ɗaura masa. Malamin ya duba, ya kwance, ya sake ɗaurawa, ya sake dubawa. Ɗari da casa'in. Ya tambaye shi abin da ke damunsa a rai, ya ce masa wannan jinin yana iya kayar da mutum a tsakiyar hanya, ya rubuta masa magani, ya ce ya daina sa damuwa.

"Malam, nawa da na wancan da yat tashi, wanne yaf hi?"

"Naka, da nisa. Shi ya sa nake ce maka..."

Bai tsaya jin sauran ba. Ya sayi goro ya dawo gida yana rabawa. Maganin kuwa ya ba Halima ta ajiye a saman rumfa, ya ce shi ba mahaukaci ba ne da zai sha abin da zai mayar da shi ƙasa da Bawa.

Sai maganar rumbu. Bawa ya gina sabon rumbu na laka, dogo, mai ɗan tsukakken baki. Mutumin nan ya hau tsani ya leƙo ta katanga, ya auna da ido, ya sauko bai ce wa kowa komai ba. Washegari ya kwaɓa ƙasa. Ya ƙi kiran magini, wai magina bakinsu bai da ƙofa, za su kai wa Bawa labari. Ya shiga ciki da tsaninsa yana gini yana hawa, Halima na miƙa masa laka a guga. Da ginin ya yi nisa ya daina fitowa gaba ɗaya, don kada ya juya baya Bawa ya ƙara wa nasa tsawo. Tuwo ma a guga yake zuwa masa.

Kwana huɗu ya gama. Rumbunsa ya fi na Bawa da kamu ɗaya cif. Bakin ma ya tsuke shi fiye da na Bawa. Ya zauna a ciki ya jira lakar ta bushe, kada wani ya taɓa masa. Da ta bushe ya hau tsani zai fito. Kai ya fita. Kafaɗu suka ƙi.

Halima ta fito tsakar gida ta ga kan mijinta a saman rumbu kamar murfi, hula da komai. Ta yi salati, unguwa ta taru. Aka zuba masa man gyaɗa a kafaɗu, aka ja, bai fito ba. Aka ce ya fitar da numfashi duka, ya fitar, bai fito ba. Dattawa suka ce babu wata dabara, sai a fasa saman, kamu ɗaya ya isa. Ya ce duk wanda ya taɓa masa kamu ɗayan nan sai sun haɗu gaban alƙali a garin Isa. Bawa ya ce to a huda gefe ya fito ta nan, a toshe daga baya. Shawarar ta yi wa kowa. Ya tambaya wa ya kawo ta, aka ce Bawa. Ya ce ya fasa fitowa.

Rana ta take, kai ya fara gasuwa. Halima ta hau turmi tana riƙe masa faifai a ka, tana roƙonsa ya tuna da jinin nan nasa. Yana ce mata ta daina tada hankali, daga inda yake yana hango har hanyar Tsamaye, abin da Bawa bai taɓa gani ba.

Bawa ya tsaya ya dube shi, ya girgiza kai, ya koma gida. Jim kaɗan muka ji sara. Ashe gatari ya ɗauka ya hau nasa rumbun, sabo fil, ya rushe kamu biyu daga sama. Ya dawo da ƙura a gemu ya ce wa jama'a yanzu su fasa kamu ɗaya, har yanzu na maƙwabcinsa ne dogo. Mutumin nan ya juya wuya ya auna da ido, ya yi lissafi, ya yarda. Aka fasa, aka zaro shi, jiki duk mai, aka ba shi ruwa.

Yana ajiye moɗa ya tambayi nawa Bawa ya rushe. Aka ce kamu biyu. Nasa fa? Aka ce ɗaya.

Ya karɓi gatarin ya hau ya rushe uku. Geron shekarar a ɗakin Halima ya kwana.

To, da damina ta ƙare Bawa ya kwanta, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Abin da na gani da idona ba za ni ɓoye ba. Mutumin nan shi ya fara isa maƙabarta da diga. Shi ya kama gaban makara, ya ƙi sakar wa kowa har aka isa. Ya yi kuka kamar ransa zai fita. Ni da nake ƙanin mamaci na yi nawa na share ido, ya waiwayo ya ga na tsaya, ya ƙara kaɗan a kai sannan ya tsaya. Bayan nan ya kwana uku bai ci abin kirki ba. Halima ta ce yakan ɗauki tsani ya nufi katanga, sai ya tsaya a tsakiyar gida, ya mayar da shi ya jingine.

Ranar addu'ar uku muna zaune a ƙofar gida, tabarmi har bakin hanya. Liman ya ɗaga hannu ya roƙa wa Bawa gafara, ya roƙa masa hasken kabari, ya ce Allah ya sa shi a Aljannar Firdausi. Kowa ya shafa. Mutumin nan ya bar hannuwansa a sama bai shafa ba.

"Gafarta Malam, ita Firdausin ga, akwai wadda tah hi ta?"

"Babu. Ita ce ta ƙoli."

"Daga ita ba a hawa ko'ina?"

"Ba a hawa."

Ya sauke hannuwansa. Hawaye na bin gemunsa. Ya ce shi dai bai hana Bawa komai ba, Bawa mutumin kirki ne, ya cancanta, shi shaida ne tun da babu wanda ya kai shi sanin abin da Bawa ke yi safe da yamma. Sai dai yana da 'yar ƙarin addu'a, in Malam ya ba da izini. Liman ya ce bismilla.

Ya gyara zama, ya ɗaga hannu sama da inda liman ya ɗaga nasa.

"Allah ka jiƙan Bawa, ka ba shi Firdausi. In tawa ta zo, ka aje ni kusa da shi, katanga ɗaya. Gidana dai shi hi nashi tsawo, ko da kamu ɗaya ne. Jama'a, ku ce amin."