An Rufe Sigari, An Bar Fuskar Kawu Sanan

Jama'a, ku taya ni murna. Jiya na je cin taliya bakin kasuwa na dawo da yunwata, amma na kwana maƙwabcin tauraro. Kawu Sanan, mai keken taliya na layinmu a nan Khon Kaen, ya fito a talabijin!

Ga yadda aka yi. Wata baƙar jif ta goge masa keke a shataletale, tukunyar romo ta kife, jif ta ƙara mai. Sai ga Masu Girma Iyayen Kwalta, wato 'yan sandan hanya, masu kyamara na biye da su, 'yan shirin nan na kamen masu laifi. Ina inshora? Ta Kawu ta mutu tun kafin damina. Aka kama keke, keken da shi ne cinsu da shansu shi da matarsa, Inna Lamai.

"Ranka ya daɗe, wanda ya buge ni fa?"

"Ana bincike, Kawu. Ka ba mu haɗin kai a ɗauki hoto, sai mu duba maganar kekenka."

Kun san tsarinmu, mai laifi sai ya nuna abin laifinsa da yatsa. Kawu ya nuna keke, aka ce hular Babban Yallaɓai, shugabansu, ba ta fito ba, a sake. Ya sake, aka ce bai yi kama da mai nadama ba. Ya haɗa tafin hannu ya rusuna har bayansa ya amsa. Duk da haka ya dawo gida baki har kunne, wai allon kekensa mai ɗauke da suna da lambar waya zai shiga kowane gida a ƙasar nan.

"Talla kyauta, tsohuwa! Har Bangkok za a kira ni!"

"A kira ka ka dafa a ina, a kanka?" in ji Inna.

Da yamma duk layi muka cika tsakar gidansu, har da mai kawo wa Kawu gyaɗa. Aka fara shirin a talabijin. Sigarin da ke maƙale a kunnen Kawu, an dusashe shi, kada yara su lalace. Allon keke, an dusashe, wai talla ce. Jif kuwa, da aka nuno wucewarta daga kyamarar kan titi, daga taya har rufi an shafe ta tas, don mutunta wanda ba a tabbatar da laifinsa ba. Fuskar Kawu kaɗai aka bari tar, har giɓinsa. Muka yi ta shewa, Inna na dukan cinya tana cewa, "Ko gemu ka aske, tsohon banza!" Na yi dariya har na ƙware, sai daga baya abin ya ba ni haushi.

Amma dole a yaba wa Iyayen Kwalta. Aiki ne ba ƙarami ba a tantance wanda ke da fuskar da za ta ji kunya da wanda tasa ta kowa ce.

Yau da safe bakin kasuwa ya cika maƙil da masu son ganin Kawu. Yana tsaye hannu rabbana ana ɗaukar hoto da shi, keke na can ofis ana bincike. A gurbinsa kuwa Wichai, abokin gasarsa, ya girka tebur, kafin rana ta take ya sayar da tukunya ƙarƙaf. Ya roƙe ni in isar wa Masu Girma gaisuwa, ya ce su yi binciken nan a tsanake, kada su yi gaggawa.