Rumbun da Na Gina a Filin Makaranta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na gina rumbu a gaban iyayen ɗalibai ba, ni ɗan manomi, jikan manomi.

Kwas aka tura ni ƙasar waje na wata uku. A can aka kai mu wani makeken fili da aka jera gidajen gargajiya na ƙasashe iri-iri, mutum ya shiga, ya taɓa, ya leƙa madafa. Abin ya shiga raina. Ina dawowa Funtua na dami shugaban makarantarmu sai mun yi irinsa ranar taron iyaye. Aka kafa tantin Larabawa, aka yi bukkar Fulani, ni kuma na ɗauki rumbun Hausawa (wai ni ne gwani).

Da Baba ya ji labari ya bugo waya daga Kafur. "In zo in duba muku?" Na ce, "Haba Baba, huta abinka, da hoto muke aiki."

Ranar taro ya zo duk da haka, bisa babur, da sabuwar rigarsa. Ina riƙe da lasifika ina zuba bayani, wani dattijo ya zagaya rumbun, ya durƙusa, ya leƙa gindinsa.

"Malam, ina duwatsun?"

Na ce, "Waɗanne duwatsu, Alhaji?"

"Ikon Allah! A ƙasa ka dasa shi? Ai wannan ba na hatsi ba ne, gara ka yi wa ɗaki. Ruwa ɗaya za a yi dawar ta tsiro a ciki."

Wurin ya ɗauki dariya, lasifikar kuwa tana bakina. Dariyar ba ta kashe ni ba. Abin da ya gama da ni shi ne da dattijon ya juya wajen Baba, bai san ko wane ne ba, ya ce, "Ɗan birni ne, ko? Allah sarki, bai samu mai nuna masa ba."

Baba ya gyara hularsa, ya ce, "Ya samu."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Ranar Asabar na tafi gida, na durƙusa a gindin rumbunmu na ga duwatsun da suka ɗaga shi. Sun girme ni. Tun daga lokacin, kafin in ɗauki lasifika in yi bayanin gidan wani, sai na fara tambayar kaina ko na taɓa sunkuyawa a namu.