Alhaji Maikano Ya Ɗauki Lauya

Duk wanda ya ce ƙasar Kura ba ta da manyan mutane, to bai taɓa zama a rumfar injin casar shinkafar Alhaji Maikano ba. Allah ya yi wa bawan nan baiwa. Ga tsayi, ga tumbi, ga murya wadda in ya yi tari a Kura sai kajin Bunkure su ɗaga kai. In ya saka babbar riga, sai ka rantse dominsa aka ƙirƙiro sitati. Motarsa ba ta taɓa shiga gari babu ham ba, ko da kuwa ko akuya babu a kan titi. Abu ɗaya ne tak ya rage masa a duniya, shi ma bai san ya rage ba sai ranar da ya je ɗaurin aure birnin Kano, ya ji wani ɗan kasuwa yana cewa a waya, "Ka yi magana da lauyana." Kai, maganar nan ta shige shi! Tun daga Kano har gida yake maimaita ta a mota, yana gwada ta da murya iri-iri.

Matsalar ita ce lauya sai da rigima, shi kuwa Alhaji, abin takaici, ba shi da abokin faɗa. Kowa lallaɓa shi yake yi. Ya yi ta addu'a a zuci Allah ya kawo wanda zai taka shi.

Alhaji yana da gona a bakin hanyar kanal, gadon mahaifinsa. Ba babba ba ce, amma daga ita gidansa ke cin shinkafa shekara guda cur, daga ita kuma yake aika wa dangi da ta salla, yana cewa, "Ku ɗanɗana noman hannuna." Hannun nan kuwa rabonsa da taɓo tun kafin ya je Makka. 'Yan ƙwadago ke yi masa dashe su kama gabansu. Shi dai ruwan noman rani ba ya da agogo. In aka sake shi daga babban kanal, sai ya biyo 'yar magudana yana bi gona-gona, wanda ya gama ban-ruwa ya toshe bakin tasa, ya sanar da na ƙasa da shi. Gonar da ke sama da ta Alhaji ta Hammadu ce, abokinsa na yarinta, tare aka yi musu kaciya. Da yake Hammadu ya san ba ya da wanda zai ƙwala wa kira a gonar Alhaji, in ya gama sai kawai ya tsallaka iyaka da fartanyarsa, ya fasa wa gonar Alhaji ruwa, in ta ƙoshi ya toshe. Shekara da shekaru haka ake. Shi kuwa Alhaji bai taɓa tambayar yadda ruwa ke shiga ba. A ganinsa ruwan ne da kansa ya san gonar waye.

Wata safiya ya ɗauko baƙi don ya nuna musu shinkafarsa, wadda ta yi shar, ta fara rufe ƙasa. Suna isa sai ga Hammadu tsundum a cikin gonar, wando a naɗe, yana saran gaɓar magudana. Zuciyar Alhaji ta yi fari fat. Allah ya karɓi addu'a.

Hammadu ya ɗago yana murmushi. "Alhaji, barka da asuba. Ruwa ne nake..."

"Dakata!" in ji Alhaji, ya ɗaga hannu har hannun riga ya zame. "Adana bayaninka, a gaban alƙali za ka yi shi. Mai da ƙasar nan yadda ka same ta, ka fice mini daga gona. Jama'a, ku shaida, kutse ne da makami. Daga yau za ka ji daga lauyana."

Hammadu ya ɗauka wasa ne, har ya yi dariya. Da ya ga fuskar ba ta wasa ba ce, sai ya toshe bakin ruwan, ya saɓa fartanyarsa ya fita.

Ba a ɗaukar wa mutum irin Alhaji lauya a ƙasa. Sai da ya zaga Kano ya sami ofishin da ke saman bene, mai sanyin na'ura da littattafai har rufi, sannan hankalinsa ya kwanta. Mai ofishin, Barista Jamaluddeen, matashi ne siriri mai sanyin magana, abin da ya ɗan rage wa Alhaji jin daɗi ke nan, don ya so a ce lauyansa ya kai shi ƙiba. Barista ya saurare shi tsaf, sannan ya tambaya, "Alhaji, me yake yi a gonar taka da fartanya?"

"Ai shi ne aikinka, ka gano."

"An ɓata maka wani abu?"

"An ɓata mini suna a gaban baƙi."

Barista ya ajiye biro. "Gaskiya, Alhaji, wannan maganar maƙwabta ce. Da kun zauna gaban mai unguwa, kafin shayi ya huce an gama."

Alhaji ya miƙe tsaye, ya gyara riga. "Barista, kalle ni da kyau. Na yi maka kama da wanda za a zaunar a tabarmar mai unguwa? Ni da ake jin ƙarar injina tun daga Garun Malam? Na hawo benen nan da gwiwoyina ne don a yi shari'a, irin wadda ake saka baƙar riga da farin gashi. In ba za ka iya ba, na ga allon wani lauya a bene na gaba."

To, mai ofis zai kori aiki ne? Aka shigar da ƙara. Kotu ta ba da umarni kada Hammadu ya sake taka gonar Alhaji har sai an saurari magana. Barista kuma ya ba da shawarar da kowane lauya ke bayarwa: kada ya tattauna batun shari'ar da wanda yake ƙara, in da wani saƙo ya biyo ta ofishinsa.

Wayyo, ina ma bai faɗa ba! Alhaji ya dawo Kura da shawarar nan kamar wanda aka naɗa wa rawani. Mai shayi ya tambaye shi ko a ƙara madara, ya ce zai tuntuɓi lauyansa. Ladan ya tare shi kan batun gyaran rufin masallaci, ya ce a bi ta ofis. Matarsa Iyatu ta tambaye shi tuwo ko dambu, ya buɗe baki, ta harare shi, ya rufe ya ce dambu. Kafin mako ya zagayo, 'yan acaɓa sun raɗa masa Alhaji Sai-Lauyana. Da labarin ya iso masa, daɗi ya ji, har ya yi tunanin a rubuta a bayan mota.

Hammadu kuwa abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Bai taɓa shiga kotu ba sai a dalilin abokin kaciyarsa. Duk da haka, ranar da aka saki ruwa ya gama ban-ruwansa, ya tsaya a iyaka yana kallon shinkafar Alhaji, ya kasa haƙuri. Ya hau kekensa har rumfar inji.

"Alhaji, an saki ruwa. Layi ya zo kanka."

Alhaji ya juya kujera, ya fuskanci buhunan dusa. "Ku gaya wa wanda ake ƙara," ya ce wa mutanen rumfar, "mai ƙara ba ya jin magana sai ta bakin lauya."

Hammadu bai yi musu ba. Ya karɓi lambar Barista ya yi ta bugawa. Barista yana kotu, waya a kashe. Sai bayan la'asar ya kira Alhaji, da muryar mutumin da bai san yadda aka yi aikinsa ya koma haka ba. "Alhaji, wanda ake ƙara ya ce in gaya maka ruwa ya iso gonarka tun da hantsi."

Alhaji ya saka wayar a sifika don kowa ya ji. "Kun gani? Ya fara neman sulhu. Jikinsa ya yi la'asar!" Ruwa kuwa tuni ya wuce gonar da ke ƙasa, ya yi gaba abinsa.

Za ka ce ai sai ya tura ɗan ƙwadago ya zauna jiran ruwa. Ashe ba ka san zurfin ilimin Alhaji ba. A zaman kotu na farko ya ji ana cewa wataƙila alƙali ya je ya ga wurin da idonsa. Nan take ya kafa doka: kada wanda ya kuskura ya taɓa gaɓar nan, don sawun fartanyar Hammadu yana jiki, shi ne shaida. Barista ya kira shi ya ce, "Alhaji, don Allah ka shayar da gonarka, kotu ba ta hana ka ba." Alhaji ya kashe waya yana girgiza kai. Yaro ne, in ji shi, yana da karatu amma da sauransa a dabarar shari'a.

Kotu kuwa ta yi masa yadda yake so. Yau alƙali ya tafi taro, gobe magatakarda ba shi da lafiya, jibi an ɗage zama. Sauran masu ƙara suna fitowa suna tsaki, Alhaji yana fitowa yana washe baki, don kowane ɗagewa sabuwar riga ce da sabuwar tafiya Kano, da bas cike da 'yan rakiya. In ya dawo sai ya zauna a rumfa ya yi bayani. "Ƙaramar shari'a ce ake gamawa a zama ɗaya. Irin tamu ta manya, sai an yi ta nazari. Kun ga yadda alƙali ya dube ni? Ya san ba da ƙaramin mutum yake hulɗa ba."

Zafin bazara bai san an ɗage zama ba. Wata rana Iyatu ta kawo masa abincin rana, ya buɗe kwano, sai ya tarar da damƙin ganyen shinkafa, jawur, a murɗe.

"Mene ne wannan?"

"Noman hannunka ne," in ji ta. "Na je na gani da idona. Ƙasa ta tsage, Alhaji. Gonar Baba ce fa. Me za mu ci bana, baƙar rigar lauya? Mutumin nan shekara nawa yana shayar maka da gona, ko goro ba ka taɓa ba shi ba, sakayyarsa ke nan?"

A nan ne Alhaji ya fara jin abin da fartanyar Hammadu ke yi a gonarsa. Kunya ta kama shi har wuya. Ya tuna mahaifinsa tsugune a bakin magudanar nan. Saura ƙiris ya saka takalmi ya nufi gidan Hammadu. Sai kuma ya tuna bas ɗin 'yan rakiya, da sunan da aka raɗa masa, da abin da za a ce a teburin mai shayi. Ya mai da murfin kwano, ya ce wannan magana tana gaban kotu, bai kamata a tattauna ta a gida ba. Iyatu ta kwashe kwanonta, ranar ko dambun bai samu ba.

Daga nan ya daina bin hanyar kanal. Awaki suka gano gonar, suka share abin da rana ta rage. Da wurin ya yi tas, samarin unguwa suka mai da shi filin ƙwallo, suka daddaɓe shi sumul.

Ana haka Barista ya aiko cewa zai zo ya ga wurin da kansa kafin zama na gaba, kuma a kira wanda ake ƙara. Ai kuwa baƙin cikin Alhaji ya tafi hutu. Ranar da ya daɗe yana mafarki ke nan, lauyansa a Kura, ido na ganin ido! Ya sa aka kafa rumfa a kan hanyar kanal, aka jera kujerun roba, aka kira maroƙi. Kujerun duka ya sa aka juya su suna kallon hanyar Kano, bayansu ga gonar. Shi ma tun da ya iso bai waiwaya ba ko sau ɗaya.

Can sai ga motar Barista tana tafe a hankali. Hanyar kanal siririya ce, rumfa da baburan jama'a sun cinye ta. Dama da hagu shinkafar mutane ce kore shar, ruwa kwance a ƙarƙashinta. Direba ya duba ya duba, sai ya hango fili ɗaya busasshe, shimfiɗaɗɗe, babu ko tsinke. Ya karya kan mota ya gangara, ya tsaya a tsakiyarsa.

Maroƙi ya ɓarke da kirari. Dole Alhaji ya juyo, ya taka zuwa wurin motar, jama'a na biye. Ya riƙe hannun Barista ya ɗaga sama. "Jama'ar Kura, ga shi nan! Wanda kuke ji a waya, yau ga shi a fili. Daga yau duk mai shirin taka haƙƙin Maikano ya san da wa zai haɗu."

Barista Jamaluddeen ya gaisa da dattawa cikin ladabi, ya kaɗe ƙurar takalminsa, ya dubi wurin da yake tsaye da gamsuwa. "Alhaji, ka yi ƙoƙari, har da tanadar mana wurin ajiye mota. To, kada mu ɓata lokaci. Mu je ka nuna mini gonar."

Wani ya yi tari. Alhaji ya shiga gyaran hannun riga. Hammadu ne, daga can tsallaken iyaka inda kotu ta tsayar da shi, ya amsa a hankali, kansa a sunkuye.

"Ranka ya daɗe, ai a cikinta kake tsaye."