Ranar da Na Auna Wuta, Na Yafe wa Yayar Mijina

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren Sadiya, ƙanwar mijina, ba.

A lokacin ina wani kwas na koyon haɗa sola da ake yi ranar Asabar a Tarauni. An koya mana auna ƙarfin wuta da mita mai allura, wadda tsinkenta ke lilo a kan lambobi. Na sayi tawa, ina yawo da ita a jaka kamar turare. (Ko batirin agogo ne ya mutu, sai na auna shi kafin a jefar.)

Muka kwaso kaya daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa gidan amarya a Darmanawa. Jagorarmu Yaya Hadiza ce, babbar yayar mijina, wadda ko labule ba a ratayawa a dangin sai da izininta. Tsakanina da ita gaisuwa ce da murmushi, sauran kuma yana cikin ciki.

An gama jera komai, saura sabon firjin da ita Yaya Hadiza ta saya wa amarya. Sai wata maƙwabciya ta ce kwanan baya wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona mata talabijin. Yaya ta ce kada a jona firjin sai an nemo mai gyaran wuta.

Na gyara murya na ce, "Yaya, ai ba sai an nemo kowa ba."

Na sa aka goge ruwan da ke ƙasa. Na cire awarwarona da zobena na ba wata ta riƙe, na ari silifas na roba. Na ce kowa ya ja da baya, mata suka taru a bakin ƙofa suna leƙe. Ina yi ina bayani kamar ni na ƙirƙiro lantarki: ana murɗa mita zuwa ɓangaren wutar gida, ba na batir ba, ana farawa daga babbar lamba don kada allura ta bugu, ana riƙe wayoyin biyu, ja da baƙa, ta wajen roba, yatsa ba ya taɓa ƙarfe. Na kashe soket, na zura su, na kunna.

Allura ta tashi. A daidai nan na ji wani zirrr ya kama cinyata, ya haura har ƙuguna.

Na yi wurgi da mitar na zube a kan sabon kafet. Abin bai daina ba, yana tsayawa yana dawowa. Na ce shi ke nan, wuta ta kama ni. Na yi kalmar shahada, sannan na tuna an ce kada mutum ya tafi da kowa a ransa. Na ɗaga kai na hango Yaya Hadiza.

"Yaya, duk abin da kika yi mini tun da na shigo gidanku, na yafe miki duniya da lahira."

Ɗakin ya yi tsit. A cikin shirun ne kowa ya ji ƙarar tana fitowa daga aljihun doguwar rigata. Amarya ba ta nan, amma ƙawarta ta durƙusa ta zaro wayata, wadda ni da kaina na kashe wa sauti da safe. Ta duba ta ce, "Anti, Baban Hanif ne ke kira."

(Mijina ke nan. Tambaya yake ina na ajiye makullin kicin.)

Yaya Hadiza ta jawo kujera ta zauna a gabana, ta gyara mayafi. "To Alhamdu lillahi, tunda kin dawo. Sai ki lissafo mana abubuwan, mu ma mu ji."

Na ce gigin mutuwa ne. Ta ce ai a nan ake faɗin gaskiya.

Haka na tashi na tsinci mitata, na sake awo. Wutar lafiya lau, aka jona firji, har ruwan sanyi aka ba ni daga cikinsa kafin mu tafi, wai in ji sauƙin jinya.

Har yau ina auna wuta, kuma ban taɓa tsallake ƙa'ida ko ɗaya ba. Na dai ƙara biyu da malaminmu bai koya mana ba: a ajiye waya a nesa, kuma kada a yafe wa dangin miji da ƙarfi sai an tabbatar tafiyar ce da gaske.